Kifin da Baba ya sayo

Daren Alhamis, Ɗanzomo

Yau na ɗaga wa Baba murya, har yanzu kunya nake ji.

Jiya na nuna masa a waya kifin da muke bincike a kansa a jami'a, ɗan mitsitsi mai zane kamar jakin dawa. Na ce in an yanke masa wutsiya sai ta sake tsirowa, mu kuma muna sauya masa ƙwayoyin halitta don mu gano sirrin, ko wata rana a taimaki mutane. Sai ya kalli gyambon ciwon sugan da ya ƙi warkewa a ƙafarsa.

Ashe yau, maimakon ya je Gumel a wanke masa ciwon, kasuwar Maigatari ya tafi. Da wannan ƙafar! Ya dawo da ƙullin busasshen kifi ƙanana, wai masu zane ya zaɓo. Inna ta zuba a miyar kuka.

Na ce, "Haba Baba! Ba fa cin sa ake yi ba. Wannan ma ba shi ba ne!"

Ya suɗe yatsunsa, ya ce, "Uwata, ni ban san karatunki ba. Ke na sani."

Gobe da kaina zan kai shi asibiti, ko yana so ko ba ya so.

Da zai kwanta ya ce in gaya wa kifin nawa ya yi sauri, ƙafa ba ta jira. Allah Ka bar mini shi har mu gano.