Bencin Baba Audu

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina maigida da yara? Ya jikin surukarki? Mu nan Tiga lafiya, alhamdu lillahi.

Yaya, Baba Audu masinjan ofishinmu ya rasu, wanda yake kai mini wasiƙun da nake rubuta miki gidan waya.

Kin san aikinsa ɗaukar faifan kwamfuta ne daga wannan ofis zuwa wancan. In ya makara kowa sai ya yi cigiyarsa, don aiki tsayawa yake. To, bayan sallah wani injiniya ya zo daga Kano, ya ja waya ya haɗa kwamfutocinmu da wata babba a ofishin oga. Yanzu in na buga takarda can nake adana ta, akawu ya buɗe daga kujerarsa. Ba mai tashi.

Baba Audu ya koma zaman benci. Rannan ya ce mini, "'Yata, ba faifan da za a kai?" Na ce, "Babu, Baba." Ya ce, "To, madalla."

Da ciwo ya kwantar da shi a garinsu Badafi, ba wanda ya lura bencin ba kowa. Sai bayan an binne shi ƙaninsa ya zo ya faɗa mana. Muka yi addu'a, kowa ya koma kujerarsa, ni ma na koma. Har yau ban yi kuka ba, ban san dalili ba.

Ki sa shi a addu'a, ni ma ki sa ni. Ki gaishe mini da kowa.

Wannan wasiƙar da kaina zan kai ta gidan waya.

Ƙanwarki,
Hadiza