Tandun Kwallinki Da Na Ɓoye

Ramatu, Awudu ya gani! Yau da hantsi likita ya cire masa bandejin idon hagu, ya ɗaga yatsu uku, Awudu ya ce uku ne.

Ki yafe ni, murna ta hana ni sallama. Assalamu alaikum, matata. Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Bayan rasuwarki, Awudu, jikan nan namu da kike kira angonki, ya shiga soja, aka tura shi aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa. Bam ya tashi a gefen hanyarsu. Gilashin kariyar da aka ba shi yana bisa goshinsa, wai gumi ya sa shi hazo. Ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa ido. Da ya kai hannu zai murza, abokin aikinsa ya danne hannun, ya yanke gindin kofin roba ya kifa a kan idon, ya manne ba tare da ya taɓa shi ba. Likita ya ce da ya murza, da yau babu idon.

Da aka yi masa aiki aka kawo mini shi unguwarmu Nima da sharaɗi. Sun zuba kumfar iska cikin idon, dole ya kwanta rub da ciki, fuska ƙasa, mako biyu. Kin san ɗakinmu, taga ɗaya, ita ma bangon maƙwabci take kallo. Shi yana kallon siminti, ni ina kallon ƙeyarsa. Masallacin da ke bakin lungu ma sai dai in jiyo kiran salla.

Abin da ya tsare ni kuwa, mutanenki ne. Duk unguwannin Nima da Maamobi an san yadda kike cire tsakuwa daga idon yara da bakin harshe. Mata suka yi ta zuwa, wannan da zuma, waccan da nonon mai jego, kowace tana tambayar tandun kwallinki. Na ɓoye shi, na kafa kujera a bakin ƙofa. Ƙanwarki Hajiya Lami ta ce bokon tsufa ya lalata ni, har yau ba ta gaishe ni. Karatun yamman nan da kike yi mini dariya a kai, da shi na karanta takardar likita: kada a sa komai sai maganin ɗigawa.

Ba zan ɓoye miki ba, a kwana na tara da zafi ya matsa masa, ni ma na ciro tandun. Ya ji ƙarar buɗe akwati. Bai ɗago kai ba ya ce, "Kaka, mayar."

Na mayar, ina jin kamar ke na kora daga ɗakin.

Ganin nasa da sauran hazo, kuma ba mu sani ba ko soja za su sake karɓarsa. Allah ya cika masa lafiya, ya tsare idanun 'yan uwansa da ke can, ya haskaka kabarinki.

Mijinki,
Musa

Na ɗauke kujerar daga bakin ƙofa. Jama'ar Nima, Maamobi da Kanda, ku zo ku gan shi a zaune. Hajiya Lami, ki zo, da kansa zai gane ki tun daga bakin lungu.