Motar da Ba Ta Tsayawa a Ƙofar Gidanmu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Baba na gaishe ki. Ƙafarsa tana nan jiya i yau, kuma likitan nan na tsallaken iyaka yana son ganinsa duk mako.

Kin tambayi aikina. Tuƙin bas dai nake yi, amma an sauya mana tsari. Ƙasashen biyu sun haɗa bayanan fasinja wuri guda: bas, jirgin ƙasa, tasi, duk da kati ɗaya. Gaskiya abin ya yi kyau. A iyaka yanzu ko injin ba na kashewa.

Sai dai sun soke tsayawa a mahaɗar ƙauyenmu. Wai na'ura ta nuna ba mai hawa a nan. Yaya, wa ta ƙirga? Masu kati. Mutanenmu a hannu suke biya, tsofaffi kuwa don Allah muke ɗaukarsu. Na faɗa wa manaja haka, ya ce shi ma sama da shi aka yanke, kuma na saman can ma kwamiti ne na ƙasa biyu. Ko wanda za ka yi wa fushi babu.

Ƙaninki,
Dogo

Yaya,

Ina fatan ciwon kan nan ya sake ki. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar asibitin Baba, mai babur ɗin da ke kai shi tasha bai zo ba. Ina shawo kwana na hango shi a bakin titi, ya dogara da sanda, ya ɗaga mini hannu. Me za ki yi in ke ce? Na taka birki, na buɗe ƙofa, fasinjoji da kansu suka kamo shi ciki.

Kafin in dawo har an kira ni ofis. Wai na'ura ta nuna ƙofa ta buɗu a inda ba tasha ba, an ɗauki mutum ba kati. Manaja bai iya haɗa ido da ni ba, ya karɓi makulli kawai.

Ban damu sosai ba, don a da in an sallame ka nan, sai ka tsallaka can. Na tsallaka. Yarinyar da ke ɗaukar ma'aikata ta nemi lambar lasisina, ta dubi kwamfuta, sai na ga ta daina murmushi. Laifina ya riga ni isa. Kamfanin tasi ma haka. Ashe abin da ya haɗa motocin ya haɗa ƙofofin da za a rufe mini.

Kada ki gaya wa Baba. Na ce masa hutu nake.

Naki,
Dogo

Yaya,

Saƙonki ya iso, Allah ya saka. Ki gaida yara.

Yanzu ni ke kai Baba asibiti. Nakan ari babur in goya shi mu koma baya har tashar gari, yana cije baki a kowane rami, sannan mu hau bas. Jiya wani yaro da na koya wa tuƙi ne a sitiyari. Ya gaishe ni ta madubi, ya kau da kai.

Da muka iso mahaɗa Baba ya leƙa taga. Ga katangarmu, ga shanyar da matata ta yi, ga kujerarsa a ƙofar gida. Ya juyo ya ce, "Dogo, wannan ba gidanmu ba ne? To me muka je yi gari?"

Na buɗe baki in yi masa bayani. Kafin in fara, mun wuce.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Dogo