Na Rabu da Turare Saboda Ke

Zuwa ga Sakinatu, sanyin idona, inuwar mangwarona a zafin Minna, ruwan Tagwai mai kashe ƙishin zuciyata.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Saƙonki ya same ni a makaranta. Kin ce in dakatar da iyayena, kada su zo gaisuwa ranar Asabar, wai ke mai baƙin rai ce, ba kya son ki shigo mini da ƙunci gida. Baƙin rai? Ke? Ke da kika sa ni dariya a bakin dam har hulata ta faɗa ruwa, masunta suka tsamo ta a cikin koma?

Tauraruwata, na kama mai laifi, kuma ni ne! Tun da na fara zuwa zance Tudun Fulani, sai na biya shagon Ndako ya feshe ni da turare mai ƙarfi. Ina zama ki hau atishawa, ido ya yi ja, hanci ya toshe. Ki kwana ba barci, ki tashi kai na sarawa, kowa ya taɓa ki ki yi fushi, sannan ki shige ɗaki kina kukan kin ɓata wa mutane rai. Ni kuwa gogan naki, da na ga murmushi ya ɗauke, sai na ce ƙamshin ne bai isa ba, na ƙaro kwalba ta biyu! Ni da nake zaunar da ɗalibai kullum ina ce musu su nemi tushen damuwarsu!

Malama Christiana, nas ɗin makarantarmu, ita ta farkar da ni. Ina shiga wurinta ta tashi ta buɗe tagogi. Da na ba ta labarinki, ta ce wannan ba mura ba ce, akwai hancin da ba ya shiri da ƙamshi ko ƙurar fure. In ya toshe barci ya ƙaura, in barci ya ƙaura rai ya yi nauyi, har mutum ya zaci halinsa ne ya ɓaci.

Ba halinki ba ne, furen zuciyata! Ina roƙonki, ki ɗauki Yaya ta raka ki wurin likita, ki faɗa masa na hanci, ki faɗa masa na zuci, kada ki ɓoye ko ɗaya. In hanci ya buɗe nauyin bai tafi ba, to namu ne mu biyu. Wa ya ce miki don ranakun dariya kaɗai nake son ki?

Kwalaben duka na rabar. Zan zo ranar Alhamis da la'asar, ba ƙamshin komai a jikina sai wankan sabulun salo, aljihuna cike da hankici ko da za a buƙata. In kin shaƙi iska kin yi mini murmushin nan naki, don Allah ki bar mana Asabar ɗinmu.

Naki har numfashin ƙarshe, ba turare ba canji,
Zikrullahi