Sallamar Cécile

Dogon Dutsi, Satumba 1963

Zuwa ga yayana Laurent, a Abijan.

Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƙanwa ga wanta, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Béatrice da yara. Ya aikin bakin teku, ya kuma ƙafar nan taka mai ba ka labarin damina tun hadari bai haɗu ba? Mu nan hatsi ya yi kai, na gonar Matankari har ya fi na bara. Da ciki kaɗai ne mutum, da sai in ce muna lafiya lau. Amma Yaya, tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Ka riga ka sami labarin rasuwar Cécile, matar ɗana Félix, wajen haihuwa. Abin da ba a gaya maka ba shi ne har yau ba a sallame ta ba. Ka san al'adar gidanmu tun kafin mishan ta zo: in mai jego ta rasu ta bar jinjiri, mijinta zai tsaya bakin ɗakinta da hantsi, ya kira sunanta, ya gaya mata ta rasu, ta kama hanyarta, ɗan yana hannu nagari. Haka Baba ya yi wa innar ƙanenmu Jibo muna kallo. Ko Mompera, limamin cocin mishan, da na tambaya bai hana ba, ya ce a haɗa da addu'a kawai. Félix ne ya ƙi.

Tun da ya dawo daga karatun aikin likita a Yamai bakinsa ya rabu biyu. Cefane da gaisuwa da Hausa, amma duk maganar da ta shafi rai da mutuwa sai ya juya Faransanci, ni kuwa ɗan abin da na tsinta a mishan bai wuce na sayen sabulu ba. Da na matsa masa ya fassara mini, sai ya ce wai mu Hausarmu ce ke ruɗinmu. Muna cewa rai ya fita, kamar rai wani baƙo ne da ya kwana a ɗaki ya yi sammako. Muna cewa ta riga mu gidan gaskiya, sai mu ɗauka akwai gida. Ya ce a littattafansu ba a faɗin haka, jini ne ya zuba, zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa ta daina aiki, shi ke nan. Wai tunanin mutum kamar hasken fitila ne, in mai ya ƙare ba wanda ke tambaya ina hasken ya tafi. Ya ce ba zai tsaya gaban jama'a yana yi wa bango magana ba. Na ce masa to ni da na ɗauke shi wata tara, ashe tulun jini na goya ban sani ba. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Yanzu ga jinjirar, Sa'a muke kiranta kafin baftisma. Ajuma maƙwabciyarmu tana ba ta nono tare da nata ɗan, Altine matar Buba kuma kullum tana kawo madarar akuya daga ruga. Jinjirar tana kamawa ta saki. Ba ta kuka sosai, wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali. Sai ta kafe ƙofar ɗakin uwarta da ido, ko ta ina ka juya ta. Félix ya auna ta, ya duba, ya ce bai ga cuta ba. Tsofaffi kuwa sun ce uwar ce ke tsaye tana jira, tunda ba wanda ya gaya mata. Ni mai zuwa coci ce, ban san abin da zan ce ba. Na dai san wuyan hannun yarinyar nan kullum ƙara sirancewa yake.

Shekaranjiya na iske shi bayan rumbu, ya dawo daga aiki ko farar rigar bai tuɓe ba. Na zauna kusa da shi. Can sai ya yi magana da Hausa. Ya ce Inna, in ya faɗi abin da Faransanci yana iya ɗauka, don a can babu kowa, gawa ce kawai da sunan ciwo. Amma ya gwada a ransa ya ce Cécile da bakinmu, sai ya ji ta juyo tana saurare. In kuwa tana ji, to ta ji lokacin da yake tsaye kanta da allura a hannu ya kasa tsai da jinin. Kuma in ya kira ta ta amsa, shi ne zai ce mata ta tafi. Daga nan ya miƙe, ya koma Faransancinsa kamar wanda ya shige ɗaki ya sa sakata. Tun ranar ko tuwo bai taɓa ba. Ina tsoron in binne biyu, Yaya, ƙarama da babba.

Abin da nake roƙo ke nan. Kai ka kama hannunsa ka kai shi lakwal karatun boko, kai ka fara koya masa harshen nan, kuma maganar kawu ba ta faɗuwa ƙasa. Na san ku biyu da Faransanci kuke rubuta wa juna, kuna burge kanku. Wannan karon ka rubuto masa da Hausa. Kada ka yi gardamar ilimi da shi, zai kayar da kai. Ka dai sa sunanta a ciki, ka ce kana gaishe shi da rashin Cécile, ka tambaye shi ko ya sallame ta. In ya karanta da harshen da ya sha a nono, wataƙila bakinsa ya buɗe. Ciwon ɗan yatsa ai na dukan hannu ne.

Ka gaida Béatrice da Dieudonné da auta. Jibo da Ajuma suna gaishe ka. Kada ka jira mai zuwa gida, ka sa a gidan waya ranar da ka karanta. Ni dai kowane hantsi ina share bakin ɗakin Cécile, in tsaya da yarinyar a kafaɗa, ko Félix zai zo.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Angèle