Tukunyar Gas da Ƙafar Iya

Kalakla, Hartum

Zuwa ga yayana Zubairu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a Jidda. Mu nan sai godiya. Harbi ya ɗan lafa a unguwarmu, amma wuta da ruwan famfo mun manta kamanninsu. Gidan Dogo sun tashi zuwa Gadarif, kusan rabin layinmu ƙofofi ne a garƙame. Ƙafar Iya tana nan a ɗaure. Asibitin kusa ya rufe, mai ɗori muka samo daga unguwar Mayo, ya ce tsohon ƙashi sai haƙuri, ba lalle ta sake taka ta kamar da ba.

Na ji saƙon muryarka cewa dole 'yarka Ni'mat ta ajiye littafi, tunda karatun bai hana ta karya uwarmu ba. Yaya, ka ji yadda abin ya faru daga bakin wanda ya koyar da ita. Tun da aka shiga kwashe kayan gidaje, mutanenmu suka koma ɓoye tukunyar gas a kan rufi, a rufa mata buhu. Haka Iya ta sa aka yi da tamu, ni ban sani ba. A makon ne kuwa nake koya wa 'yan matan layinmu darasin zafi a tsakar gida. Na ɗaure bakin kwalba da balan-balan, na ajiye a rana, suka ga ya kumbura, na ce musu iska in ta ji zafi matsawa take tana neman mafita. Da azahar, ina wajen neman ruwa, Ni'mat ta hango tsohuwar tukunya mai tsatsa a kan kwano mai ƙuna. Ta gaya wa Iya haɗarin, Iya ta ce in dai haka ne a sauko da ita, ta riƙe mata tsani.

Abin da yarinyar ba ta sani ba, ni ne ban koyar ba. Babin tsawo yana gaban na zafi a littafi, na tsallake shi don ɗokin gwajin kwalba. Duk abu mai nauyi da aka ɗaga sama, wahalar ɗaga shi ba ta ɓata ba, ajiye take a cikinsa, ranar saukowa ya biya ta gaba ɗaya. Maza biyu suka hau da tukunyar, yarinya ɗaya ta tare ta, ta kuɓuce mata ta faɗo kan ƙafar Iya. Da na koyar, da igiya ta nema. Laifin malami ne, kada a bar jaki a bugi taiki.

Tun ranar ba ta buɗe littafi ba, ita ke juya Iya, ita ke yi mata wanka. Malamarsu, Malama Awadiyya, za ta tafi da ɗalibai garin Atbara ranar Asabar ta sama don jarrabawar shahada ta gama sakandare, kuma Ni'mat ta ce ba za ta taka mota ba sai da yardarka. Iya da kanta ta ce in rubuta maka: “Ƙafata ta riga ta tafi, kada ubanta ya haɗa da yarinyar.” Na ba Malama sunanta tun jiya, ka yafe mini. Muryarka kawai ta rage.

Ka gaishe da Baba Gwadabe da Hajo da yaranta. Lauratu tana gaishe ka. Allah ya kashe wutar nan, ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninka,
Muntari