Labulen da Ba a Ɗaga Ba

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya su Yaya da yara? Ni lafiyata lau, barci ne dai ya ƙi ni kwanan nan.

Kin san na shiga 'yan sa-kai da ke zagaya tsofaffin unguwarmu masu zama su kaɗai. Ƙa'idarmu da asibitin unguwa ita ce kowane tsoho ya ɗaga labulen tagarsa da safe. In muka ga labule a sauke, sai mu kira nas ɗin asibitin a waya.

Shekaranjiya na tarar da labulen wani tsohon tela a sauke. Na yi ta sallama, shiru. Makullin gidansa da ya ba mu na hannuna, amma na kasa buɗewa, don ke kika hore mu cewa ba a shiga ɗakin mutum sai ya amsa. Na kira nas, ta daka mini tsawa: "Kunyar me? Buɗe ki shiga."

Na same shi yashe a banɗaki, bakinsa ya karkace. Nas tana gaya mini abin yi a waya har motar asibiti ta iso. Har yanzu bai yi magana ba. Likita ya ce sai dai mu jira. Ki sa shi a addu'a.

Inna, ke ma ke kaɗai kike kwana. Don Allah ki ba maƙwabciyarki makulli ɗaya, ki ce ta shigo ko ba ki amsa ba. Na san za ki ce ke ba yarinya ba ce. Haka telan ya ce ranar da muka karɓi nasa.

Allah ya bar mana ke.

Taki,
Auta